Gaji Ta Sauke Arzika Ƙasa

Matso nan kusa, ga gefen tabarma, ka ajiye abin da ke hannunka ka ba ni kunnenka. Labarin wata tsohuwa zan ba ka, sunanta Gaji, mutumiyar wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye, a ƙasar Kaoje, can inda gulbin Kwara ke malalowa cikin fadamun shinkafa. Ba 'yar sarauta ba ce, ba kuma malama ba. Gumi ne sana'arta: ta jiƙa shinkafa, ta turara, ta shanya a tabarmi, ta cashe a turmi, ranar kasuwa ta ɗora a ka. Da gumin nan ta reni 'ya'yanta bayan mijinta Manu ya rasu ya bar mata su ƙanana. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta kori kaji daga shanya har na maƙwabta sai sun watse.

Ɗanta na fari Namadi ne, kuma ka san halin iyayenmu da ɗan fari, har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Wancan na ƙetare" take ce masa, domin kamun kifi ya kai shi can sama da Lolo, ya yi aure a wata tungar Dandawa da ke ɓangaren Dahome, ya zauna wurin surukansa. A wancan zamani iyaka ba ta dami kowa ba, mutum ya karya kumallo a ƙasar Ingilishi ya ci tuwon dare a ta Faransa. Shekarar da abin nan ya faru ita ce wadda aka yi ta cewa Turawa za su tafi, maza na ta gardama a gindin itace ko za a rufe hanya. Gaji ta ce ita dai ba ta ga Baturen da ya taɓa taya ta casa ba, don haka tafiyarsa ba za ta ƙara mata aiki ba. Damuwarta tana wani wuri dabam.

Matar Namadi, Kubura, Allah ya jarrabe ta da wabi. Sau uku tana haihuwa, ta yi goyo, yaro ya yi ɓulɓul ya fara rarrafe yana wasa da ƙasa, sai ciwo ya zo ya ɗauke shi. Na farko zazzaɓi, ta biyu gudawar haƙora, na uku ƙyanda. Kowa ya san cututtukan nan, amma zuciyar uwa ba ta duba abu yadda kowa ke dubawa. Abin da Kubura ta gani shi ne, dukkansu sai da ta sauke su ƙasa sannan aka karɓe su. Da ta haifi na huɗu, wanda aka raɗa wa Bunyaminu ake kiransa Arzika, sai ta ƙudura a ranta cewa wannan kam ƙasa ba za ta san shi ba.

Daka da shi a baya, ɗiban ruwa da shi a baya, salla da shi a baya. Wanka a cinyarta, barci a ƙirjinta. In majanyi ya jiƙe ta sauya wani ba tare da ƙafarsa ta taɓa ko tabarma ba. Yaro kuwa ya rayu. Ya wuce watannin da 'yan'uwansa ba su wuce ba, ya cika shekara biyu har ya ɗora. Bakinsa ya buɗe, yana surutu da Hausa da Dandanci, amma ko rarrafe bai taɓa yi ba. Ƙafafunsa sirara suna reto a gefen uwarsa kamar igiyar guga.

To, bakin mutane ba ya zama banza. Daga raɗa a bakin gulbi magana ta girma, aka ce yaron ɗan ruwa ne, ba mutum ba, shi ne ma yake ta zuwa yana komawa. Maganar ta kai kunnen Maidawa, kawun Kubura, tsohon masunci wanda masu jirage ba sa shiga ruwa sai sun tambaye shi. Kada ka ɗauka mugu ne. Shi ya haƙa ƙananan kaburburan nan uku da hannunsa, kuma ya gaji da ganin 'yar ƙanwarsa tana ƙarewa a tsaye. Ya yanke cewa in ruwan bana ya cika, za a kai yaron bakin gulbi a ajiye shi da ƙwaryar fura, kowa ya juya baya ya tafi. In na ruwa ne ya koma gidansu, in na mutane ne a dawo a tarar da shi. Limamin tungar ya ce wannan ba addini ba ne, aka ce masa to, aka ci gaba da shiri.

Farkon damina Namadi ya zo wurin uwarsa. Ya durƙusa nesa da tabarmin shanya, ya tambayi gumi, ya tambayi ciwon gwiwa, ya tambayi akuya, sannan da ƙyar ya iso ga abin da ya kawo shi. Gaji ba ta dube shi ba, tana ta baza shinkafa da tafin hannu. Amma ta san kada ba ya tambayar yaro ɗan wane ne. Ta kuma san ba za ta je tungar mutane ta ja da Maidawa ta ci nasara ba, wanda bai ji maganar liman ba ina zai ji ta mai gumi? Ta daɗe tana juya abin, sai ta tambayi iska, ba ɗanta ba, ko an yaye yaron. Namadi ya ce ba a yaye shi ba. Ta ce to ya tashi ya nemo jirgi.

Ka ga, akwai abu ɗaya da ba mai hana kaka, ko sarki ne: in lokacin yaye ya yi, ita ke zuwa ta ɗauki jikanta ta tafi da shi gidanta, uwa ba ta ganinsa sai ya manta da nono. Da wannan Gaji ta shiga tungar. Ba ta ambaci ruwa ba, ba ta ambaci ƙafa ba. Ta gaida kowa, ta raba gumin da ta kawo tsaraba, ta ce ta zo ɗaukar mijinta ne, shekara biyu kishiya ta riƙe mata shi ya isa. Mata suka yi dariya. Maidawa bai yi ba, ya gane inda aka dosa, amma ba shi da bakin hana al'ada tunda shi ma da al'ada yake magana. Ya ce ta tafi da shi, sai dai ta sani in ruwa ya cika zai biyo sawu.

Kubura ce aiki. Sai da mata biyu suka riƙe ta kafin a kwance majanyin. Ta bi su har bakin jirgi tana roƙon surukarta, tana cewa Inna kada a ajiye shi ƙasa, don Allah don Annabi. Gaji ta ce Allah ya ba mu alheri, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Da suka isa gida ta ɗora ruwa, ta zaunar da shi a cinya tana yi masa wanka tana dubawa. Ta matsa cinyoyin, ta lanƙwasa gwiwoyin, ta murza idon sawu. Da ta sosa masa tafin ƙafa sai ya harba ya kifar da ƙwaryar ruwan. Gaji ta yi hamdala a ranta, ƙafar da ke harbi ba matacciya ba ce. Ta juya tafin ta duba, sumul, laushi kamar na jaririn da aka haifa jiya. Nan ta tabbatar da abin da take zato.

"Ashe wanga miji nawa raggo na," ta ce masa. "Shekara biyu kana bisa doki, ko ciyawa ba ka taɓa yanko mashi ba. To nan gidan babu doki."

Ta ɗauke shi ta dire a tsakar gida. Ihun da yaron nan ya yi, ka ce a kan garwashi aka ajiye shi. Ya ɗaga ƙafafu sama, ya miƙo hannuwa, yana kiran uwarsa da harsuna biyu. Gaji ta zauna kusa da shi a ƙasan, ta miƙe ƙafa, ta ci gaba da tsince shinkafa tana yi masa waƙa, amma ba ta ɗauke shi ba. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga, wata ta ce Gaji ba ta da imani, yaron da ke kewar nono ai goyo ke lallashinsa. Gaji ta ce ta ji, a gaida gida.

Kada ka zaci abin bai dame ta ba. Sau da yawa hannunta kan kai ga zani da kansa, sai ta tuna ruwa yana tahowa, ta mayar da hannun ga faifai. Ta cika shi da kunu, da gumi mai laushi da romon kifi, da nonon da Fadimatu, wata Bafillatana ƙawarta, ke kawowa daga ruga. Sai dai ba ta taɓa miƙa masa abinci a hannu ba. Takan ajiye ƙwaryar inda zai gani amma hannu ba ya kaiwa, ta juya kamar ta manta. Da farko kuka yake yi har ta matso da ita kaɗan. Daga baya ya koyi jan gindi. Wata rana kaza ta riga shi isa ga ƙwaryar, haushi ya kama shi, bai san lokacin da ya kife da hannu da gwiwa ya bi ta ba. Gaji ta ba shi karan dawa ta naɗa shi sarkin korar kaji, ta kuma buɗe ƙofa ga 'ya'yan maƙwabta sa'o'insa, suna gudu suna tsallake shi yana bin su da ido yana cije leɓe. Kafin shinkafar fadama ta yi ciki, Arzika ya fara kama turmi yana miƙewa, ƙafafu na rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Ana cikin haka Kubura ta kasa haƙuri. Ta biyo matan tungarsu masu zuwa kasuwa, ta saci jiki ta zo ta leƙa ta dangar surukarta, da niyyar ta gan shi kawai ta koma. Me za ta gani? Ɗanta zaune a taɓo, gwiwa a kurje, baki duk ƙasa. Gaji ta dawo daga rijiya ta tarar da ita tsaye a tsakar gida, yaro ɗaure a baya. Gaji ta sauke tulu ta ce ta kwance shi. Kubura, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba, ranar nan ta dube ta.

"Ukku na aje ƙasa, Inna. Ukku ƙasa ta cinye."

Gaji ta zauna a kan turmi. Ita ma ai jikokinta ne ukun nan.

"Na sani, ɗiyata," ta ce. "Bayanki ya tsare shi, ban musa ba. Amma in ruwa ya cika kawunki ya zo, bayanki na iya tsare shi?"

Hawaye suka zubo wa Kubura. Gaji ta ce ta sauke shi ta ga abin mamaki, yanzu zai kama turmi ya tashi. Aka sauke shi. Ina! Yaron da ya ji ɗumin bayan uwarsa ya ƙi ko kallon turmin, ya ƙanƙame zaninta yana tsala ihu. Aikin watanni ya koma baya a wuni ɗaya. Kwanakin da suka biyo ya ƙi abinci, ya ƙi kara, ya ƙi yara. Ruwa kuwa ya fara haurowa fadama.

A nan ne Gaji ta yi abin da tsofaffin tungar suka daɗe suna yi mata tsegumi a kai. Al'ada ta ce uwa ta koma, Gaji ta ce ta zauna. Ta lura nonon ya riga ya ƙafe, kuma ta gane ba yaron kaɗai ke bukatar yaye ba. Ta karɓe majanyin ta jefa cikin rumbu, ta ɗora Kubura a kan tukunyar turara da casa don hannuwanta su samu abin riƙewa. In aiki ya lafa, ta sa ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, yaron ya hau ta ya sauka, ya kama kafaɗarta ya tashi. In ya faɗi, Kubura ta zabura, Gaji ta taka mata gefen zani. Sannu a hankali ya koma ga turminsa, daga turmi ya kama danga, yana bin ta gefe-gefe har ƙofar gida. Amma sakin hannu, ya ƙi. Ko an yi masa tata, an tafa, an nuna masa ƙosai, sai ya zauna daɓas ya rarrafo.

Ruwa ya cika bayan an gama kaɗe-kaɗen samun mulkin kai da 'yan kwanaki. Hanya ba ta rufu ba, domin da hantsi sai ga Maidawa, Namadi na biye da shi kai a sunkuye. Aka yi musu shimfiɗa a inuwar ƙofar gida, aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa tsohon ya ce Gaji ta san abin da ya kawo shi, ba ya son doguwar magana, yaro ya taka ko bai taka ba? Gaji ta ce ya dai gani da idonsa. A ranta kuwa addu'a take yi, don ba ta da abin nunawa sai tsayuwa da danga, kuma ta san Maidawa zai ce ko maciji yana hawa danga.

Ta kawo Arzika ta tsayar da shi jikin dangar, ta koma ta zauna kusa da Kubura. Yaron ya tsaya yana kallon baƙon. Ba abin da ya faru. Maidawa ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai ya faɗa. Sai ya jawo burgamensa, jakarsa ta fata, don ya ba da tsaraba kafin a shiga magana mai nauyi, kamar yadda ya kamaci baƙo, ya kwance ganye ya fito da kifin banda manya guda biyu ya ajiye a gabansa. Ƙamshi ya tashi. Arzika ya dubi kifin, ya dubi kakarsa. Gaji ta ɗauke kai kamar yadda ta saba, ta shiga gyara ɗankwali. Yaron ya san dokar gidan nan, ba mai miƙo maka, kuma ga kaji sun fara matsowa. Hannu ɗaya na riƙe da karansa, rarrafe ba zai yiwu ba sai ya yar da shi, shi kuwa sarki ba ya yar da sandarsa.

Ya saki danga.

Ya ɗaga ƙafa ya dire, ya ɗaga ɗayar, yana tangaɗi kamar jirgi a kan igiyar ruwa. A tsakiyar fili ya kife da fuska. Gaji ta kai ƙafa za ta taka zanin Kubura, sai ta ga ba bukata. Kubura na zaune, ta dunƙule hannuwa a cinya, ta cije leɓe, hawaye na zuba, amma ba ta motsa ba. Da wata murya da ba ta fi raɗa ba ta ce, "Tashi, Arzika. Tashi da kanka." Yaron ya tofar da ƙasa, ya turo gindi sama, ya dafa, ya miƙe. Ya ƙarasa har gaban Maidawa, ya kai wa kaza duka, ya sunkuci kifin da ya fi girma ya faɗa cinyar tsohon da shi.

Fadimatu da ta kawo nono ta tsaya kallo ita ta fara rangaɗa guɗa, maƙwabta suka karɓa. Namadi ya juya baya yana share ido da hannun riga. Maidawa ya daɗe yana duban yaron, ya kama tafin ƙafar ya shafa, ya ji ya yi kaushi. Sai dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi.

"Wanga ba ɗan ruwa ba na," ya ce. "Ɗan ruwa ɗanyen kihi shika ci. Wanga ɓarawon banda na, irin gidanmu."

Gaji ta ce a'a, ya bar mata mijinta, sata dai a dangin uwa ya gado ta. Maidawa ya kwana a tungar, washegari ya koma shi kaɗai, kuma shi da bakinsa ya kashe maganar a can.

Daga shekarar nan gidan Gaji bai sake rabuwa da yara ba. Daga Sharabi, daga Lafagu, daga ƙetaren iyaka, duk wadda ɗanta ya yi nauyin ƙafa ko ya ƙi sakin nono sai a ce a kai wa mai gumi. Wasu ta yi nasara a kansu, wasu ta duba ta ce wannan ciwo ne na gaske, a nemi magani, ba ta taɓa cika baki ba. Kubura ta ƙara haihuwa biyu, duka suka rayu, kuma ita da kanta take sauke su. Arzika ya girma ya zama mai fataucin shanu, har uwarsa na ƙorafin ba ya zama wuri ɗaya a gan shi.

Abu ɗaya ne surukan nan biyu ba su taɓa daidaitawa a kai ba, har Gaji ta tsufa tana zaune Kubura na yi mata casa. Gaji takan ce da an bar shi a baya da yanzu sai labari. Kubura takan ce, cikin ladabi, da ba a goya shi ya wuce watannin da suka cinye 'yan'uwansa ba, da Inna ba ta sami wanda za ta sauke ba. Sai su yi dariya, kowa na nan a kan bakanta. To kai da ka ji duka, tsakanin wadda ta ƙi sauke shi da wadda ta ƙi ɗaukarsa, wace ce za ka ce ta raya Arzika?